Wutar da Ta Rasa Hanyar Fita

Su talatin da ɗaya ne a ajin ƙarshe na sashen lantarki, Ikilima Halliru ce kaɗai mace. Da aka zo rabon aikin kammala karatu, wani malami ya kawo shawarar a haɗa ta da maza biyu, su su yi liƙi, ita ta yi rubutu, tunda hannunta yana da kyau. Ta miƙe ta ce a ba ta nata ita kaɗai. Kuma ba ta tsaya nan ba, sai da ta sa yatsa a kan aikin da kowa ya tsallake: amfilifaya ta rediyo, wato akwatin da zai karɓi 'yar siririyar sigina daga ƙaramar na'urar watsa murya, ya ƙara mata ƙarfi har ta kai nesa.

Dokar makarantar a fili take. Ranar kare aiki, akwatin ɗalibi ya yi aiki a gaban masu jarrabawa. Wanda nasa ya ƙi, sai baɗi, yana ji yana gani sa'o'insa za su tafi bautar ƙasa su bar shi a Kazaure.

Teburi uku ne masu wuta a ɗakin gwaji, kuma kullum da gwiwar hannun wani namiji a kai. Ikilima ba ta roƙi kowa ya matsa ba. Ta tattara kayanta a kwali ta hau acaɓa zuwa Roni, shagon mahaifinta da ke bakin kasuwa.

Malam Halliru mai rediyo ya haura shekara talatin yana sana'ar gyaran rediyo. A da, daga Gwiwa, daga rugagen Fulani, har daga Babura ake ɗauko masa gyara. Yanzu wayar hannu ta kwashe masu sauraro, sai tsofaffi da makiyaya ne ke leƙowa ranar kasuwa. Abin taƙamarsa guda ne, kuma duk wanda ya zauna a bencinsa ya sha jin sa: rediyon mutum bai taɓa mutuwa a hannunsa ba. Sunan mahaifiyarsa ya sa wa 'yar, don haka bakinsa ba ya kama sunan. Uwata yake ce mata.

Ranar da taransistan ya iso daga Legas, bayan jiran mako uku, ya ɗora shi a tafin hannu yana juyawa. Wani ɗan abu ne kamar maɓallin riga mai fiffike huɗu.

"Uwata, wannan ɗan mitsitsin ne ya hana ki cin tuwo?"

"Shi ne zuciyar akwatin, Baba. Kuma shi kaɗai gare ni, ka riƙe shi a hankali."

"Ji min yarinya. To me yake ci?"

Ta jawo kujera, don tana son a tambaye ta. "Da farko a ba shi wuta daidai cikinsa. In ta yi kaɗan ba zai motsa ba, in ta yi yawa ya gasa kansa. Sannan ba ya son zafi, shi ya sa zan ɗaure shi a jikin wannan farantin alminiyon. Babban aikin kuma shi ne daidaita baki. Ka ga injin ban-ruwa a fadama? In bakin injin ya fi na tiyo faɗi, ruwan ba ya tafiya gona, baya yake fantsamowa. Waɗannan wayoyin da nake naɗewa a jikin ƙusa, su ne ke daidaita bakinsa da abin da ke gabansa."

"Wannan katangar gwangwanin da kika raba tsakiya fa?"

"Don kada ya ji muryar kansa. In bakin fita ya kusanci na shiga, kuka zai kama kamar lasifikar masallaci in ladan ya matso da makirfo. Sai kuma maganar eriya, ita ce ma…"

Ya ɗaga hannu. "A'a, tsaya nan. Eriya za ki koya min? Tun kafin in san gidan su uwarki nake hawa soro ina kafa eriya. Ki riƙe bokonki, ki bar min wannan."

Ta yi dariya ta bar maganar. Ya kuwa cika alkawari. Shi ya nemo gora miƙaƙƙiya, shi ya hau tsani da ƙafarsa mai ciwo, ya ɗaure eriyar sama da rufin shago, ya zuro wayarta ta bayan kabad, a tsare, ba lanƙwasa.

Wata biyu tana kan wannan teburi. Yatsunta duk suka yi tabon dalma. Sau shida tana kwance naɗin waya tana sakewa saboda zagaye ɗaya ya yi yawa. Duk gwajin da ta yi, da jabun eriya take yi, wani gwangwani ne mai mai a ciki da ta aro daga ɗakin gwaji, wanda ke shanye wutar ba tare da ta fita iska ba. Ranar Litinin allurar mitar awon wuta ta hau ta tsaya cak a inda lissafi ya ce. Ikilima ta cire gwangwanin, ta ɗaura wayar eriyar gaske da hannunta, ta murɗa har ta ƙi juyawa. Madam Lydia, malamar da ke duba aikinta, ta yarje mata gwajin minti biyu a iska. Ta ajiye shi sai gobe, in ta dawo daga miƙa rahoto. Kare aiki kuwa ranar Alhamis ne.

Talata ta tafi Kazaure ta miƙa rahoton, ta mayar da gwangwanin. Bayan azahar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ya rufe duwatsun garin. Aka tsuge da ruwa da tsawa irin wadda ke sa tsofaffi salati. Ta fake a barandar sashe har ya ɗauke. La'asar sakaliya ta sauka a Roni, gefen hijabinta duk taɓo.

Ta tarar mahaifinta ya riga ya sa sabon batir a rediyonsa, yana zaune kamar mai jiran baƙo.

"Baba, tsallaka wajen mai shayi. Ka kai allura inda na yi maka alama."

Ya fita yana ɗingishi, rediyo a kunne. A ka'idarta ba ta taɓa ba akwatin wuta ba sai ta leƙa bayansa. Amma ai ita ta murɗa wayar jiya da hannunta, ga kuma hular tsohon can tana nisa, ga zumuɗi ya cika ta. Ta maƙala batir, ta danna maɓalli, ta kai baki ga makirfo.

"Baba, kana ji na? Ikilima ce daga Roni."

Daga tsallaken titi ta ji ihunsa. "Allahu akbar! Ga ta nan! Jama'a, ku zo ku ji Uwata a rediyo!"

Ba allurar mita take kallo ba, shi take kallo. Da ta maido ido, allurar ta riga ta wuce inda ya kamata tana rawa. Kafin hannunta ya kai ga batir, sai allurar ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Wani ɗan ƙauri ya tashi, siriri, kamar an ƙona gashi.

Ta ja kabad ɗin. Ga wayar eriya a rataye a ƙusa, an naɗe bakinta da leda, an ɗaure da robar taya, ɗauri mai kyau irin na wanda ya san aikinsa. Bayan akwatin kuwa wayam, ba komai a bakin fita.

Rediyon da ke karɓa, in ka cire masa eriya shiru kawai zai yi. Na'urar da ke turawa ba haka take ba. Duk ƙarfin da ta tara dole ya sami inda zai bi, in ya zo ƙofa ya tarar babu hanya sai ya koma kan wanda ya turo shi. Wannan ita ce maganar da ta fara ranar nan aka ce ta tsaya.

Malam Halliru ya shigo yana haki, mai shayi da mutum biyu a bayansa.

"Tar! Kamar kina cikin kunnena! Me ya sa kika katse?" Idonsa ya kai ga ƙusar, ya dafa goshi. "Af, na manta ban gaya miki ba. Da hadarin nan ya taso na cire miki eriya. Kin ji tsawar da aka yi kuwa? Ta tsaga bishiya a bayan makarantar firamare. Da na bar ta a jiki, da yanzu wani zancen ake." Ya juya ga mutanen. "Kun gani? Ko ba eriya ma magana yake!"

Duk gidan da ke da rediyo ko talabijin a Roni, shi ya koya musu haka: in ka ga hadari, cire eriya. Shekara talatin yana ceton kayan mutane da wannan.

Ikilima ta dubi fuskarsa. Rabonta da ta ga haƙoransa a waje haka tun ranar da ta ci jarrabawar shiga makaranta.

"Allah ya saka da alheri, Baba," ta ce. "Batir ne ya yi sanyi."

Da suka fita ta sa mita a ƙafafun taransistan, ko da yake ta san abin da za ta gani. Ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin kabad, ta cusa gefen hijabi a baki don kada a ji ta daga titi.

Laraba da sassafe tana ƙofar shagon Sunday, mai sayar da kayan lantarki a Kazaure, tun bai gama buɗe ƙyaure ba. Ya duba lambar taransistan ya girgiza kai. Ya buga wa mutuminsa na Kano, babu. Ya buga wa wani a Babura mai shigo da kaya ta iyaka, ya ce bai ma taɓa jin sunan abin ba.

"Sai Legas, Hajiya ƙarama. Mako uku, in mota ba ta lalace ba." Ya leƙa waje, ya rage murya, ya jawo wani koren allo daga ƙarƙashin kanta. "Wannan haɗin kamfani ne. Ki kwance naki, ki sa shi a cikin akwatin, ki rufe. Waye zai buɗe? Ba ke kika fara ba."

Ta karɓa ta juya shi. Liƙinsa sumul, na inji, ba tabo ko ɗaya. Gobe war haka da ta gama. Ta tuna wanda ya ce ta zauna ta yi rubutu, maza su yi liƙi.

"Oga Sunday, in na sa wannan, to gaskiyarsu ke nan." Ta ajiye masa. "Ka aika Legas."

Da yamma ta gaya wa mahaifinta cewa akwatin ya mutu, wani abu ya ƙone a ciki, ba ta gano dalili ba tukuna. Ta ce ya yi zamansa gobe, ba abin kallo.

Ya ajiye abin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ranar da ya yi magana ina nan. Ranar da ya yi shiru sai in ɓuya? Ki ce wa uwarki ta fito min da farar rigata."

Zauren ya cika ranar Alhamis. Malam Halliru ya zauna a layin baya cikin babbar riga mai karin guga, hannuwansa a kan gwiwa. A gaba, Madam Lydia ce da shugaban sashe, sai baƙon mai jarrabawa da aka gayyato daga wata makaranta, Dakta Muhammadu Lawal, dattijo mai furfura da tabarau a kan hanci.

Da aka kira Ikilima, ta ajiye akwatin ta ce da bakinta ba zai tashi ba, taransistan ya ƙone shekaranjiya.

"Dama ai mun faɗa," in ji wani Ashiru daga tsakiya, ba da ƙarfi sosai ba, amma kowa ya ji. "A tukunya ne ake barin abu ya ƙone." Aka yi 'yar dariya.

Dakta Lawal bai ɗago ba. Ya sa sukuddireba ya buɗe akwatin da kansa. Ya daɗe yana kallo. Ya taɓa naɗin wayoyin da bakin biro, ya duba katangar gwangwanin, ya buɗe rahotonta ya gwada lissafi da abin da ke gabansa.

"Wa ya naɗa waɗannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Yau akwati goma sha ɗaya na buɗe. Wannan ne na farko da na ga hannun mutum a ciki." Ya cire tabarau. Madam Lydia ta raɗa masa wani abu tana nuna layin baya, ya gyaɗa kai, ya juya harshe zuwa Hausa. "An ce mahaifinki na nan, kuma ɗan sana'a ne. Barka da zuwa, Malam. To 'yata, doka ta ce akwati ya yi aiki. Amma ni a wurina, wanda ya san abin da ya kashe na'urarsa ya fi wanda tasa ke aiki bai san dalili ba. Ki gaya mana me ya ƙona shi, da Hausa, Malam ma ya ji. In kin faɗa daidai, zan sa hannu, in ya so shugaban sashe ya yi faɗa da ni."

Madam Lydia ta saki ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi, don ta san babu tambayar da ta fi wannan sauƙi ga Ikilima.

Amsar tana kan harshenta, kalma biyar ce ko shida. Ta ɗaga ido. Can baya tsohon ya miƙe wuya, ya karkato kunnensa mai ji, fuskarsa cike da jiran 'yarsa ta ba su mamaki.

A shekara huɗun da ta yi a makarantar nan, an yi mata dariya, an ɓoye mata kayan aiki, an kira ta da sunaye. Abu ɗaya ne ba a taɓa ji daga bakinta ba.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Ikilima!" in ji Madam Lydia.

"Yi tunani," Dakta ya ce. "Zafi ne? Wuta ce ta yi yawa? Me ke jikin bakin fita lokacin da kika kunna?"

"Ban sani ba."

Ya dube ta, ya dubi akwatin. Abin da ke fuskarsa ba fushi ba ne, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi. Ya mayar da tabarau, ya yi rubutu a takarda, ya tura wa shugaban sashe, shi ma ya sa hannu.

"Sai baɗi," ya ce. Sannan ya ɗaga akwatin sama ya fuskanci ɗalibai, don malami ne, ba ya iya barin darasi ya wuce. "Ku duba nan, ku duka. Lissafinta daidai, farantin zafi daidai, ba abin da ya taɓa wani. In kun ga irin wannan ƙuna a akwati mai lafiya, kusan kullum abu guda ne: an kunna shi ba eriya a jiki. Wutar ta zo fita ta rasa hanya, ta koma ta cinye shi. Daƙiƙa kaɗan sun isa."

Ikilima ba ta juya ba. Ta ji ƙarar benci a baya, ta ji takun ƙafa mai ɗingishi.

"Ranka ya daɗe." Malam Halliru ne. "Ni ne. Ni na cire. Hadari ne ya taso, na ce kada tsawa… Yarinyar nan ta sani. Wallahi ta sani, ta fara gaya min ma na hana ta. Ku tambaye ta kuma."

Ba wanda ya yi dariya yanzu, har Ashiru. Dakta Lawal ya sauke akwatin a hankali. Ya dubi shugaban sashe. Shugaban ya dubi takardar da hannu biyu ke kai, ya ce cikin ladabi ba a sake tambayar da aka riga aka faɗi amsarta a gaban kowa. Gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya san haka.

"Ni na danna, Baba," Ikilima ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Aikina ne in leƙa. Zo mu tafi."

Ta mayar da murfin, ta ɗaure sukurorin huɗu ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, ta ɗauki akwatinta ta bi ta tsakiyar zauren kanta a sama. Mahaifinta ya biyo bayanta.

A tasha suka sami motar Roni saura mutum uku. Suka zauna a benci a inuwa, tsakaninsu tazarar mutum guda. Rigar tasa ta yamutse. Ya cire hula ya riƙe, abin da ba ta taɓa ganin ya yi a bainar jama'a ba.

"Shekara guda, Uwata."

"Za ta wuce."

"Me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

Ta gyara zaman akwatin a kan cinyarta. Mai rake ya zo ya tsaya a gabansu, ya ga fuskokinsu, ya wuce.

Direba ya kira, ya miƙo hannu zai karɓi akwatin ya jefa a but tare da buhunan taki. Malam Halliru ya riga shi. Ya rungume shi a ƙirji, ya shiga ya zauna da shi a kan cinya, ya sa hannu biyu ya tallafe. Motar ta fita daga gari, ta bi tsakanin gonakin gero da ruwan shekaranjiya ya kwantar. Sun yi nisa kafin ya yi magana, idonsa a kan titi.

"Maganar da kika fara ranar nan, na ce ki tsaya." Ya juyo ya dube ta. "Ƙarasa min."

Ikilima ta share fuska da bayan hannu. Ta matso har kafaɗarta ta taɓa tasa, ta juya akwatin a kan cinyarsa, ta ɗora yatsansa a bakin fita, ta fara daga farko.